Rile Mai Gane Alkibla: Yadda Ake Gwada Na'urar Da Ke Zaɓar Layin Wutar Da Za A Yanke

Idan wayarka mai ramin caji irin na USB-C ce, wataƙila ka taɓa jona ta da wayar abokinka don ka ɗan tsakura masa caji. Igiya ɗaya ce, bakinta biyu iri ɗaya, amma sai wayoyin sun daidaita a tsakaninsu wace ce za ta bayar, wace ce za ta karɓa. Wani lokaci su yi akasi, ka ga mai kashi 15 tana ciyar da mai kashi 80. A waya abin dariya ne, sai ka zare ka sake jonawa. A layin wuta mai bolt 33,000 kuwa, kuskuren gane inda wuta ta nufa yana iya jefa ƙaramar hukuma guda cikin duhu, ko ya bar taransifoma ta ƙone.

Darasinmu na yau a kan na'urar da aka ɗora wa wannan aiki ne, da yadda injiniyoyi ke gwada ta. Akwai ɗan lissafi a ciki, amma bai fi ƙarfin kalkuletar wayarka ba.

Daga Kumbotso zuwa soket

Wutar da ake amfani da ita a Kano tana sauka ne a babbar tashar TCN da ke Kumbotso a kan kilobolt 330. Daga nan a rage ta zuwa 132, a tura ta ƙananan tashoshi, ciki har da ta Wudil, inda ake sake rage ta zuwa 33. Daga wannan mataki KEDCO ke karɓa ta raba a layukan da ake kira fida, har ta kai taransifomar unguwa, wadda ke fitar da abin da ke shiga soket ɗinka, kimanin bolt 230. Mai shagon cajin waya a Indabo, da mai walda a Darki, da mai injin niƙa a Utai, duk a ƙarshen irin wannan doguwar sarƙa suke.

A kowace gaɓa ta sarƙar akwai bureka, wato babban makunnin da ke iya katse wutar. Sai dai bureka ƙarfi kawai gare ta, ba ta san lokacin da ya kamata ta buɗe ba. Mai ba ta umarni shi ne rile. A da faifan ƙarfe ne mai juyawa irin na tsohuwar mita. Na zamani kuwa ƙaramar kwamfuta ce mai sikirin da maɓallai, ana jona ta da laftof a sauya mata saiti. Cikin waɗanda aka fi sani akwai MiCOM P127 na Schneider, da Siprotec 7SJ62 na Siemens, da REF615 na ABB.

Kalmomi biyu za mu riƙa maimaitawa. Boltej shi ne ƙarfin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt. Karan shi ne yawan wutar da ke gudana a cikin waya, ana auna shi da amfiya. Abin da muke kira "lo-karan" idan ƙwai ya yi ja fanka ta ƙi juyawa, a gaskiya boltej ne ya yi ƙasa, amma suna ya riga ya bi shi.

Rile ba ya taɓa babbar waya da kansa. Akwai ƙaramar taransifoma da ake kira CT da ke rage masa karan, misali amfiya 400 su koma amfiya 1. Akwai kuma VT da ke rage boltej, bolt 33,000 su koma 110. Ta waɗannan biyu yake ganin abin da ke faruwa a layi.

Inda rile na gama-gari ke gazawa

Idan iska ta haɗa wayoyi biyu, ko reshen bishiya ya faɗo, ko waya ta tsinke ta taɓa ƙasa, karan yakan yi tsalle ya ninka sau da yawa. Rile na gama-gari, wanda lambarsa a zanen injiniyoyi 50 ko 51, abin da ya sani ke nan: karan ya wuce iyaka, a yanke. A fidar da ke fita daga tasha ta nufi ƙauyuka ta ƙare a can, wannan ya wadatar, domin wuta hanya ɗaya take bi, daga tasha zuwa gaba.

Yanzu ɗauka an ja layi biyu kafaɗa da kafaɗa daga tasha ɗaya zuwa wata, don in ɗaya ya samu matsala ɗayan ya riƙe gari. Mu kira su layin A da layin B. Waya ta haɗu a tsakiyar A. Wuta za ta kwarara zuwa wurin matsalar daga farkon A, wannan a fili yake. Amma za ta kuma bi ta B lafiyayye har ƙarshensa, ta shiga tasha ta biyu, ta juyo da baya ta shiga A ta wutsiya. Ke nan rile biyu da ke ƙarshen layukan karan kusan iri ɗaya suke gani. Idan yawa kawai suka iya aunawa, tare za su yanke, lafiyayye da marar lafiya, kuɗin da aka kashe wajen jan layi na biyu ya tashi a banza.

Bambanci ɗaya ne tsakaninsu. A ƙarshen B wutar tana fitowa daga layi zuwa cikin tasha kamar kullum. A ƙarshen A ta juya, daga tasha take komawa cikin layi. Rilen da ke iya ganin wannan shi ne mai lamba 67, ɗan'uwansa mai kula da matsalar taɓa ƙasa kuma 67N. Sharaɗi biyu yake jira kafin ya ba da umarni: karan ya wuce iyaka, kuma ya nufi ɓangaren da aka ce ya tsare. Haka ake buƙatarsa a taransifoma biyu da ke aiki tare, da layin da ya zagaya ya dawo kamar zobe, da duk inda wuta ke iya shigowa ta baki biyu.

Wannan na ƙarshen yana ƙaruwa a Kano. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, wadda ke zuba wuta cikin layin rarrabawa, ga kuma ayyukan wutar ruwa na Tiga da Challawa Goje. Duk layin da aka jona wa irin waɗannan ya daina zama mai hanya ɗaya, kuma dole a sake duba saitin kariyarsa.

Ta yaya wutar da ke kai da komo take da alkibla?

Mai karatu zai iya tambaya: ai an ce wutar NEPA kai da komo take yi sau 50 a daƙiƙa, to ina gaba ina baya? Tambayar tana kan hanya. Idan karan kaɗai ka kalla, babu amsa. Sai an kwatanta shi da boltej.

Ka tuna masu daka biyu a turmi ɗaya. Kowace taɓaryarta sama da ƙasa take yi, amma kunne yana gane ko tare suke sauka, ko ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Haka boltej da karan suke. Zagaye ɗaya na wutar Najeriya yana ɗaukar kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, injiniyoyi kuma suna raba shi digiri 360. Idan karan yana hawa kusan tare da boltej, wuta gaba ta nufa. Idan yana sauka lokacin da boltej ke hawa, wato tazarar digiri 180, ta juya baya. Tazarar da ke tsakanin "gaba" da "baya" rabin zagaye ce kawai, kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa.

A lokacin matsala karan ba ya tafiya daidai da boltej, yakan ɗan makara, saboda yanayin dogayen wayoyi da taransifoma. Shi ya sa ake faɗa wa rile kusurwar da zai ɗauka a matsayin tsakiyar "gaba". Ana kiranta RCA, kuma an fi sa ta a digiri 30 ko 45.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Layin wuta fes uku ne, a ce ja, rawaya da shuɗi. Idan jan fes ne ya samu matsala kusa da tasha, boltej ɗinsa yakan faɗi kusan sifili, daidai lokacin da ake buƙatarsa don kwatance. Saboda haka ba a kwatanta karan na ja da boltej na ja. Ana kwatanta shi da boltej ɗin da ke tsakanin rawaya da shuɗi, waɗanda matsalar ba ta taɓa ba. Wannan boltej yana bayan na ja da digiri 90. Idan aka sa RCA a 45, tsakiyar "gaba" ta zama inda karan ya makara da digiri 45 bayan boltej na ja. Daga wannan tsakiya rile yana karɓar kusan digiri 90 ta kowane ɓangare. Wato daga inda karan ya riga boltej da 45, har inda ya makara da 135, duk gaba ne. Sauran rabin da'irar baya ne. Riƙe waɗannan lambobi, da su za mu yi gwajin.

Kafin a taɓa komai

Wannan aiki ba na gwaji a gida ba ne, kuma ba a shiga tasha a yi shi sai da takardar izinin aiki. Abu biyu ake fara yi. Na farko, a cire mahaɗin da ke kai umarni ga bureka, don kada gwaji ya ɗauke wa mutane wuta da gaske. Na biyu, wanda ya fi haɗari: a haɗe bakin wayoyin CT kafin a raba su da rile. Idan aka bar bakin CT a buɗe alhali babbar waya na ɗauke da karan, boltej ɗin da ke tasowa a wurin yana iya kai dubbai, ya kashe mutum ko ya lalata CT ɗin. VT kuwa akasin haka ne, buɗe shi ake yi, haɗe bakinsa ne ke jawo ɓarna. Yawancin allunan tasha suna da wani ramin gwaji da ke yin waɗannan da kansa idan aka cusa masa fulogi, amma injiniyan kirki sai ya duba zane ya tabbatar.

Daga nan sai a sauke saitin da ke cikin rilen a ajiye kwafi, a kwatanta shi da takardar saitin da aka amince da ita. Sau da yawa tun a nan ake kama kuskure, kafin a kunna na'urar gwaji.

Na'urar gwajin akwati ce da ba ta wuce jakar tafiya ba, irin su Omicron CMC 356 ko Doble F6150. Aikinta ta yi wa rile ƙarya: ta ba shi boltej uku da karan uku na roba, a kowane girma da kowace kusurwa da aka ga dama, sannan ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya ce a yanke.

Gwajin kansa

Mu ɗauki misali. CT ɗinmu 400 zuwa 1 ne. An saita rile ya farka idan karan ya kai amfiya 200 a babbar waya, wato amfiya 0.5 a wajensa. RCA 45. Lambar saurinsa, wadda ake kira TMS, 0.1.

Ana fara ba shi lafiyayyen boltej, bolt 63.5 a kowane fes, wanda shi ne 110 idan aka auna tsakanin fes biyu. Sai a duba sikirin ɗinsa: yana nuna kilobolt 33? Jerin fes ɗin daidai ne? Idan ya nuna wani abu dabam, ba amfanin ci gaba.

Sai gwajin farkawa. A ajiye karan a tsakiyar gaba, digiri 45 bayan boltej, a fara daga amfiya 0.4 ana ƙarawa sannu a hankali har fitilar rilen ta kama. Ya kamata ta kama kusa da 0.5. A dawo da baya a ga inda za ta mutu, wanda a rilen zamani yakan kasance wajen kashi 95 cikin 100 na inda ta kama.

Na gaba shi ne lokaci. Irin wannan rile ba ya yankewa nan take. Iya girman matsala iya saurinsa, bisa wani lissafi na ƙa'idar IEC 60255. Juya wayarka a kwance kalkuleta ta buɗe cikakkiya, mu yi tare. Idan karan ya ninka iyaka sau 2, ɗaga 2 zuwa ƙarfin 0.02, za ka samu 1.01396. Cire 1. Raba 0.14 da abin da ya rage, za ka samu 10.03. Ninka da TMS, wato 0.1. Amsa: daƙiƙa 1.003. Ke nan idan aka ba rilen amfiya 1, ya kamata ya yanke cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Maimaita da ninki 5, wato amfiya 2.5, za ka samu 0.428. Da ninki 10, amfiya 5, za ka samu 0.297. Abin da na'urar gwaji ta auna bai kamata ya kauce wa waɗannan da fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 ba, ko abin da littafin kamfanin ya ƙayyade.

Me ya sa ake damuwa da ɗan wannan bambanci? Domin rile jere suke a kan layi, kowanne an ba shi lokacinsa, na kusa da matsala ya riga na bayansa da kimanin daƙiƙa 0.3. Idan na kusa ya yi nawa, na baya ya riga shi, sai matsalar unguwa ɗaya ta ɗauke wutar garuruwa goma.

Duk wannan ana yi wa rile na gama-gari ma. Abin da ya keɓanta da 67 shi ne gwajin alkibla. A bar karan a amfiya 1, a juya kusurwarsa da digiri 180 daga tsakiyar gaba. Rile ya yi shiru. A ƙara zuwa amfiya 5, a bar shi ya wuce lokacin da zai yanke da a gaba ne. Ya ci gaba da yin shiru. A ganina wannan ne gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi yi da gaggawa, saboda babu fitilar da ke kamawa, babu lambar da za a rubuta. Amma shirun nan shi ne dalilin da ya sa aka sayi rilen tun farko.

Sai a nemi iyakoki. Ana matsar da kusurwar digiri ɗaya ɗaya daga yankin baya zuwa na gaba har rilen ya farka, a rubuta, sannan a yi haka ta ɗaya ɓangaren. A misalinmu ana sa ran ganin iyakokin kusa da 45 a gaba da 135 a baya. Wasu kamfanoni suna rage 'yan digiri a kowane gefe da gangan, don haka 40 da 130 ba lallai matsala ba ne, a duba littafi. Abin lura shi ne tsakiyar iyakokin biyu ta faɗo a kan RCA. Idan ta goce da digiri 120, an musanya fes a wayoyin. Idan ta goce da 180, an juya bakin waya. Idan 90 ne, galibi mai gwajin ne ya manta cewa da boltej na sauran fes biyu ake kwatance. Ana maimaita wannan ga kowane fes.

Wani tarko: idan fes ɗaya kaɗai ka ba karan, ɓangaren da ke kula da matsalar taɓa ƙasa zai ɗauka waya ce ta faɗi, ya riga wanda kake gwadawa yankewa, ka rubuta lokacin da ba shi ba ne. Ko dai a ba fes uku tare, ko a kashe wancan ɓangare na ɗan lokaci. Wanda ya kashe kuma ya rubuta a takarda cewa ya kashe.

Shi 67N gwajinsa dabam ne. Yana kwatanta ragowar karan da ragowar boltej, waɗanda ba sa bayyana sai fes ɗaya ya taɓa ƙasa. Don haka ana rage boltej na fes ɗaya, a ce daga 63.5 zuwa 30, a ba wannan fes karan, a sake neman iyakoki. Kusurwarsa ta danganta da yadda aka haɗa tsakiyar taransifomar tashar da ƙasa.

Akwai gwaji biyu na ƙarshe da na'urar ke yi. Idan duk fes uku suka haɗu a bakin tasha, boltej gaba ɗaya ya ɓace, rilen zamani yana amfani da wanda ya haddace kafin matsalar. Ana gwada wannan ta hanyar ba shi lafiyayyen boltej na ɗan lokaci, sannan a zubar da shi sifili a tayar da karan lokaci guda. Ɗayan kuma, idan fiyus ɗin VT ne kawai ya ƙone, rile ya makance alhali layi lafiya lau. Ya kamata ya gane haka ya yi ƙararrawa, sannan ko dai ya kulle ɓangaren alkibla ko ya koma aiki kamar na gama-gari, gwargwadon yadda aka saita shi.

Abin da akwatin gwaji ba ya gani

Rile zai iya cin duk waɗannan jarrabawa, kuma ya yi aiki a juye ranar da aka dogara da shi. Dalili kuwa na'urar gwaji daga ramin gwaji zuwa ciki take dubawa. Idan can a fili mai haɗa waya ya musanya baki biyu na CT, waɗanda ake yi wa alamar S1 da S2, duk abin da ya je gaba rile zai gan shi baya.

Maganin wannan tsoho ne kuma mai arha. Bayan an kashe layi an tabbatar babu wuta, ana ɗan taɓa ƙaramin batir a babban ɓangaren CT, a kalli allurar mita da aka jona a ƙaramin ɓangaren. Inda allurar ta fara harbawa shi ke nuna ko bakin daidai yake. Bayan an maido da wuta kuma sai a yi gwajin kaya: an san tashar da ke bayarwa da wadda ke karɓa, to me sikirin ɗin rilen ya ce? Idan megawat ɗin da ya nuna suna da alamar da ta saɓa wa inda aka san wutar ta nufa, akwai gyara. A ƙarshe, idan an samu damar kashe layin, a mayar da mahaɗin umarni a bar rilen ya buɗe burekar da gaske sau ɗaya, don a tabbatar batirin tasha da wayoyin umarni suna aiki.

Mutanen Arewa sun ga abin da rashin layi na biyu ke nufi a watan Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarna, sai layuka biyu na Ugwuaji zuwa Apir suka faɗi ranar 21 ga wata, Kano da maƙwabtanta suka yi sama da mako guda babu wuta, kuɗin cajin waya da na ƙanƙara suka tashi. Lalacewar layi ce ta jawo wancan, kuma manyan layukan 330 da wani nau'in rile mai auna nisa aka fi kare su. Amma rilen alkibla da aka haɗa a juye yana iya haifar da ƙaramin irin wannan a matakin 33, ba tare da kowa ya taɓa turke ko ɗaya ba.

Ga mai sha'awar wannan fanni, kariyar layin wuta darasi ne a karatun injiniyan lantarki, irin wanda ake yi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero, kuma cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta NAPTIN tana ba da horo a kansa. Littattafan rilen da muka ambata suna nan kyauta a shafukan kamfanoninsu, za ka iya sauke su a waya. Sauke na MiCOM P127, nemi babin 67, ka duba digiri nawa ya ba yankin gaba, sannan ka zana da'irar a takarda da RCA 30 maimakon 45. Idan tsakiyarka ta faɗo a digiri 60 bayan boltej, lissafinka ya yi daidai.